Shekarar da Na Mai da Fura Magani

Ku yaran yanzu, da kun ji an ce mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana rubuta wa jama'a sanarwar da za a kai gidan rediyo, sai ku kama dariya. Wai wannan ma sana'a ce? Kwanan baya wani jikan yayata da ya gama jami'a ya ɗaga mini wayarsa, ya ce aikin da nake yi a wuni guda, shi da babban yatsansa zai gama kafin shayinsa ya huce. Na ce masa ya kyauta. Ni ma na taɓa gama takarda kafin shayina ya huce, kuma har gobe akwai mutumin da yake cin tuwo da hagu saboda ita. Ku gyara zama in ba ku labarin daga tushe.

Aikina na farko a wannan sana'a shi ne sa wa haruffa ƙugiya. Maigidana Malam Inuwa, tsohon ma'aikacin yaɗa labarai ne da ya yi ritaya ya buɗe ɗan shago a Gyadi-Gyadi, tsakanin mai faci da mai wankin hula. Tafiretarsa ta Turawa ce, ba ta san ƙa da ɗa da ɓa ba. In ya gama buga takarda a kan istansil, wato takardar kakin da ake gurza kwafi da ita, sai ya miƙo mini, in bi ta layi-layi da tsinken ƙarfe ina lanƙwasa wa kowane harafi kansa. In hannuna ya zarce na yaga, akwai wani ruwan gyara mai warin jan farce da ake shafawa a hura da baki. Daga nan a ɗaura istansil a injin gurzawa, in kama mariƙi ina juyawa, tawada tana feso mini har gira. Shekara guda cur na yi a haka, ban rubuta ko salamu alaikum da kaina ba. Duk yarinyar da na je zance wurinta sai ta tambaye ni ko bakanike ne.

Malam Inuwa yana da jan biro da ba ya ba kowa aro, yana kuma da tambayoyi uku da ba ya gajiya da su. Wa ya faɗa? Me ya gani da idonsa? Wanda ya ji zai tashi ya yi me? In takarda ta kasa amsa ɗaya, jan biro ya hau kanta. Yakan ce, "Lawandi, takarda miya ce, tana son gishiri. Amma da yatsa biyu ake ɗiba, ba da ludayi ba." Ni kuwa a zuciyata ina cewa tsoho ya tsufa, zamanin soja ya sa masa tsoro. Lokacin sanarwa ba ta wuce layi biyar: an umarci jama'a, an gargaɗi jama'a, wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Sai sojoji suka koma bariki, farar hula ta dawo, garin nan ya wayi gari kowa da bakinsa. Wayyo daɗi! Kansila na son a ji shi, ɗan takarar da ya faɗi na son a ji shi, ƙungiyar masu sayar da gawayi ta yi sabon shugaba tana son a ji. Daidai lokacin idon Malam Inuwa ya fara hazo, ya koma gidansa a Daurawa ya bar mini shago da tafireta. Jan biron ne kawai ya tafi da shi, ni kuma ban sayi wani ba.

Na tuna wani kansila da ya haƙa rijiya ɗaya tak a Babban Giji, ruwanta ma da ɗan zartsi. Ya zauna a benci yana fifita da hula, ya ce, "Malam Lawandi, a ɗan sa mata rai." Na sa mata rai. Da yamma rediyo ya sanar an kawo ƙarshen ƙishirwa a yankin baki ɗaya. Mutumin nan ya dawo ya rungume ni har da ƙwalla, don shi kansa ya yarda. Daga ranar sunana ya koma Lawandi Gishiri, kuma ba na jin haushi. Ku gane yadda abin yake: a teburin edita takardu tuli ne, a gefensa kwandon shara. Busasshiyar takarda ko ninkinta ba a buɗewa. Tawa kuwa har rige-rigen karanta ta ake yi, ni ma in na ji ana karantawa sai in ƙara murya maƙwabta su ji.

Mai kai ni gidajen rediyon nan shi ne Habu. Magidanci ne daga wani ƙauye, ya shigo birni da mahaifiyarsa Inna Rabi da matarsa, suka kama haya a Darmanawa. Zamanin acaɓa ne, 'yan siyasa na raba babura kamar goron ɗaurin aure, mutum ya koyi tuƙi da safe ya ɗauki fasinja da azahar. Habu ya fi su iyawa, ya kuma fi su surutu. Yana da hular kwano, amma kullum a rataye take a kan babur. In na yi magana ya ce, "Malam, ai shi ma mashin ɗin yana da kai, kuma ya fi nawa tsada." Muna tafe yana waiwayowa yana ba ni labari, ni ina rungume da ambulan ina salati.

Aikin da ya kai ni ya baro, wata likita ce ta kawo shi, Dakta Hadiza. Tana da 'yar cibiya a bayan kasuwar Tarauni, inda waɗanda suka bugu a ka suke zuwa bayan an sallame su daga asibiti, a sake koya musu tafiya da magana da riƙe cokali. Yawancinsu 'yan acaɓa ne da fasinjojinsu. Ta daɗe tana rubuta abin da take gani a wani babban littafi: yaushe aka kawo mutum, wa yake jinyarsa, me ya fara ci, yaushe ya miƙe. Abin da take so jama'a su ji guda ɗaya ne, ta maimaita mini shi sau uku. Duk wanda ya bugu a ka, ko ya tashi ya kaɗe rigarsa yana dariya, a kai shi asibiti a ranar, domin jini yana iya tsiyaya a cikin ƙoƙon kai a hankali, ba a gani daga waje.

Na karanta shafuka shida da ta tsamo mini daga littafin ina hamma. Gaskiya ce zalla, ba mai ba gishiri, irin wadda edita zai naɗe gyaɗa da ita. Sai can a shafi na biyar idona ya faɗa kan wani layi. Ta rubuta cewa ta lura waɗanda suke shan fura da nono a kwanakin farko na jinya sun fi saurin farfaɗowa. A ƙasansa ta ƙara bayani har da jan layi, cewa wannan ba ya nufin fura ce ta yi aikin. Wanda ya iya haɗiyar fura tun farko, dama buguwarsa ba ta yi tsanani ba. Wanda kuma ake kawo wa fura kullum, yana da dangi a kansa masu kula da shi. Na ga bayanin nan sarai, kada wani ya ce ban gani ba. Na tsallake shi kamar yadda ake tsallake kwata.

Ta ce, "Malam Lawandi, don Allah abin da na rubuta kawai."

Na ce, "Likita, ke kin san kai, ni na san kunne. Ki bar mini."

To ga al'adar da muke da ita a lokacin, wadda ita ta buɗe mini ƙofa. Mai aiki in yana sauri, yakan bar wa marubuci farar takardar ofishinsa da tambari da sa hannu a ƙasa, a cike saman daga baya. Amana ce, kowa haka yake yi. Washegari Dakta Hadiza za ta tafi wani kwas na makonni a wajen gari. Ta buga tambari, ta sa hannu, ta tafi.

Mai shayi ya ajiye mini kofi, na zura takarda a tafireta. Likita ɗaya ta zama likitoci. Abin da ta lura da shi ya zama abin da aka gano. Saurin farfaɗowa ya zama waraka. Kan labari ya fito tsaf: likitoci a Kano sun gano fura da nono na warkar da buguwar ƙwaƙwalwa. Batun a garzaya asibiti ban cire shi ba, na dai tura shi can ƙarshe, wurin da mai karanta labarai yake yankewa in lokaci ya ƙure. Na ɗauki shayina, da ɗuminsa.

Jama'a, abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Gidan rediyo na farko ya karanta yadda na rubuta. Na biyu ya ga bai kamata a fi shi ba, ya ce masana sun tabbatar. Na uku ya ɗauko wani mai baki ya yi rabin awa yana bayanin yadda nono ke hawa ta jijiyar wuya ya liƙe ƙwaƙwalwa, ya ce dama kakanninmu sun sani. Cikin mako guda, matan Fulani a kasuwar Tarauni suna kife ƙwarya kafin azahar. 'Yan acaɓa su jera babura su yi layi, ka ji ana cewa, "Adda, zuba mini hular kwano ta ciki!" Masu koko suka shiga fushi, wani ya zo har shago yana tambaya ko likitocin ba su duba koko ba. Wani mai kunun zaƙi ya ce in rubuta masa tasa takardar, shi na ƙashin baya yake so. Wata Bafulatana da ta ji ni ne, ta daina kirana Malam ta koma Likita. Na ɗinka sabuwar riga, tafiyata ma ta canja.

Habu kuwa ya zama kakakina. Duk fasinjan da ya hau sai ya ji cewa wanda ya rubuta labarin fura, a kan wannan kujerar yake zama. Kofi biyu na fura yake sha kafin ya fara aiki, ya bugi ƙeyarsa ya ce yanzu ko tirela ce ta zo ita za ta lotsa.

Ana cikin wannan shagali Malam Inuwa ya aiko in je. Na same shi a zaure da rediyo a cinya. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

"Lawandi, wannan miyar hannunka ce. Wanda ya ji zai tashi ya yi me?"

Na ce, "Zai sha fura, Malam. Fura ta taɓa kashe wani?"

Ya ce, "Ba abin da zai yi nake tsoro ba. Abin da zai bari."

Na yi 'yar dariya, na ce Allah ya ƙara wa Malam lafiya, na fito ina tausayin tsufa.

Ran wata Laraba da hantsi, wani mai mota ya buɗe ƙofa ba tare da ya duba ba, Habu ya daka ta, ya wuntsila ya bugi bakin kwalbati da gefen kansa na hagu. Waɗanda suke wurin sun ce ya ɗan kwanta ba motsi, sannan ya miƙe ya kaɗe riga, ya zagi mai motar, ya sa kowa dariya, ya tuƙa babur ɗinsa zuwa gida da kansa. Ni ban sani ba. Na ga dai bai zo ba ranar, bai zo ba washegari, har ina ƙorafin ya sami fasinjan da ya fi ni. Ran Juma'a da safe na taka zuwa Darmanawa in yi masa tsiya.

A tsakar gida na same su. Habu kwance a tabarma, kansa a cinyar Inna Rabi, tana ɗura masa fura da ludayi tana dalalowa ta gefen baki. Matarsa na gefe da kwanon da yake amai a ciki. Na kira sunansa, ya buɗe ido ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya mayar ya rufe. Hannunsa na dama na ɗaga na saki, ya faɗi kamar tsumma. Duk abin da Dakta Hadiza ta rubuta a shafin farko, ga shi a gabana a kan tabarma. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Na ce, "Inna, asibiti za mu, yanzun nan."

Ta ce, "Asibitin me, ɗan nan? Ai su likitocin ne da kansu suka ce fura. Sau uku na ji a rediyo. Maƙwabciyarmu ma mai aikin jinya tun shekaranjiya take damuna, na ce mata ta je ta saurari manyanta. Barcin nan da yake yi, maganin ne yake aiki."

"Inna, ba gaskiya ba ne."

"Kai ka fi rediyo sani?"

Na durƙusa na ce, "Ni na rubuta, Inna. Da hannuna. Likitar ba haka ta ce ba."

Ta ajiye ludayi, ta ƙura mini ido. "To a can ka yi ƙarya, ko a nan?"

Na yi shekaru ina taƙama da iya magana. Amma ranar sai rantsuwa na yi ta yi, ina kuka kamar yaro, har ta janye cinyarta ta ce mu ɗauke shi, in ya mutu a hanya Allah ya isa tsakaninta da ni. A motar wani mai ɗaukar bulo muka kai shi. Aka yi hoton kai, aka shiga da shi tiyata kafin a sauko daga masallaci, aka kwashe jinin da ya taru. Ya rayu. Likitan da ya yi aikin ya tambaye ni me ya sa aka zauna da shi kwana biyu a gida. Na ce masa labarin da tsawo.

Da Dakta Hadiza ta dawo, ban jira ta aiko ba, na kai kaina. Na ɗauka za ta yi ihu ko ta kira 'yan sanda. Littafinta kawai ta buɗe, ta nuna mini sunaye uku bayan na Habu, duk an makara da kawo su a makonnin nan. Ta ce, "Ka ce ka san kunne, Malam Lawandi. Ka kuwa san shi." Ta tsaya a kaina na buga takardar gyara, kalma-kalma, ba ta sa hannu ba sai da ta karanta sau biyu. Na bi gidajen rediyo da ƙafa. Ɗaya ne ya karanta, sau ɗaya, tsakanin cigiyar akuya da farashin tumatir. Wani edita ya ce mini, "Gishiri, yau kuma miyar lami ka kawo?" Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi 'ya'ya, har da jikoki.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Ba don mutane sun guje ni saboda na yi ƙarya ba, a'a, da farko ma sun fi zuwa, kowa na son irin ta fura. Da suka ga na sayi jan biro ina tambayar wa ya faɗa, me ya gani, sai suka watse ɗaya bayan ɗaya, suka koma wurin masu kwamfuta da suka fara buɗewa a bakin titi. Kansilan rijiya ya ce an yi mini asiri. Na koma buga katin biki da jarrabawar makarantun Islamiyya, benci ya yi ƙura, mai wankin hula ya fara shanya a kai.

Wata shida Habu ya yi yana zuwa cibiyar Dakta Hadiza. Magana ta dawo, har da surutun. Ƙafa ta dawo, da ɗan ja. Hannun dama bai dawo ba. Aka sayar da babur aka kafa masa teburin goro da alawa a bakin kasuwar Tarauni. Ranar da na iya haɗa ido da shi na faɗa masa komai, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ni ma na zuba nawa ludayin. Ni na ce wa Inna ko kaina ya rabe biyu kada a kai ni ko'ina, a dama fura kawai."

Daga nan na sami hanyar aikin da nake kai har na ajiye, kuma ita nake so ku ɗauka in za ku ɗauki wani abu. In masu bincike suka ce sun ga wannan tare da wancan, to tare suka gan su, iyakarta ke nan. Zakara na cara gari ya waye, amma ba shi ya kawo rana ba. Ka nemi layin da suka ce ba mu sani ba tukuna, ka ɗora shi sama, don shi ne ya fi kowane layi tsada. Sannan kafin takarda ta bar hannuna, sai in taka zuwa teburin Habu in karanta masa da ƙarfi, sau ɗaya, cikin hayaniyar kasuwa, yadda mai rediyo zai yi. In tambaye shi, "Habu, ka ji wannan, me za ka yi? Me kuma za ka bari?" Abin da ya faɗa, shi takardar ta ce, ko da ni ba shi na nufa ba. Ya sha mayar da ni shago. A haka likitoci da malaman jami'a suka fara nemana a hankali, benci ya sake yin ɗumi.

Yanzu acaɓa ta zama tarihi a titunan nan, sai adaidaita sahu. Satin da ya wuce ina zaune a teburin Habu, wani direbanta ya tsaya sayen goro da robar fura a hannu. Ya ga Habu yana ƙulla leda da haƙori, ya tambaya, aka ce masa tsohon haɗari ne, buguwar kai. Ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Kash! Da an ba ka fura da wuri. Likitoci sun tabbatar, tun ina yaro na ji." Habu ya yi ta dariya har da riƙe ciki, yana nuna ni da haɓa. Sai da na tsare mutumin nan kusan rabin awa ina bayani, ya tafi yana kallona kamar mai taɓin hankali.

Da na tashi tafiya Habu ya miƙo mini hannu, kamar kullum. Kun san mu da hagu, ba a ba babba, ba a gaisawa da ita. Shi kuma mutum ne mai tarbiyya, bai taɓa mantawa ba ko sau ɗaya. Ya ɗan rusuna ya ce, "A gafarce ni, Malam, hagu ce."

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, duk ranar da muka gaisa, shi yake ba ni haƙuri.